Sashen kula da nauyin jiki a wani asibitin Guangzhou: yadda na same shi

Na daɗe ina zirga-zirgar kasuwanci tsakanin Kano da Guangzhou, amma sai a tafiyata ta baya na shiga sashen kula da nauyin jiki na wani babban asibitin gwamnati, inda na raka abokin cinikina Basine, mutumin da a ido ba za a ce yana da ƙiba ba, in ban da ɗan tumbin da ya fara ajiyewa. Irin wannan sashe ya yawaita ne bayan da hukumar lafiya ta ƙasar Sin ta ƙaddamar da gangamin shekara uku na rage ƙiba a 2024, kuma dalilin a fili yake, domin rahoton gwamnati na 2020 ya nuna cewa fiye da rabin baligan ƙasar nauyinsu ya wuce ƙima. Tun da na riga na je, ni ma sai na yanki kati.

An umarce mu da kada mu ci komai tun dare, da safe kuma aka ɗebi jini domin awon sukari da kitse, aka gwada hawan jini, aka ɗauki hoton hanta, sannan wata ma'aikaciyar jinya ta zagaya ƙugunmu da tef. Wannan awon ƙugu shi ya fi burge ni, saboda likitar ba ta dogara da sikeli kaɗai ba. Ta bayyana cewa a ƙasar Sin, idan lissafin nauyi da tsawo da ake kira BMI ya kai 24 an shiga sahun masu nauyi fiye da ƙima, idan ya kai 28 kuma ƙiba ce, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya 25 da 30 ne. An rage adadin ne domin Sinawa kan tara kitse a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, tun jikinsu bai nuna ba, kuma wannan kitsen ne ke hana sinadarin insulin, mai daidaita sukarin jini, aiki yadda ya kamata, har ya kai ga ciwon sukari, daga nan ya taɓa jijiyoyin zuciya. Ƙugun namiji da ya kai santimita 90, ko na mace 85, a wurinsu alamar haɗari ce.

Ƙugun abokina ya haura 90, kuma sukarinsa ya ɗan hau, ko da yake bai kai matakin ciwo ba. Da ya ce ai lafiyarsa ƙalau, likitar ta ƙi yarda da wannan kwanciyar hankali, ta kuma ambaci binciken da aka fara a birnin Daqing na ƙasar Sin a 1986 da mutum 577 masu irin matsalarsa, wanda ya nuna cewa gyaran abinci da motsa jiki na shekara shida sun jinkirta kamuwa da ciwon sukari da kusan shekara huɗu, sun kuma rage cututtukan zuciya bayan shekara 30. Ba ta rubuta masa magani ko ɗaya ba, sai dai ta rage masa farar shinkafa da mai da gishiri, ta ɗora masa tafiyar ƙafa kullum.

Inda sashen ya gaza shi ne a kan baƙo irina. Takardar sakamakon duk da Sinanci take, layin yana da tsawo, ganin likita kuma gajere ne, ga shi an auna ni da ma'aunin da aka tsara domin jikin Sinawa ba tare da an yi mini wani bayani a kan haka ba. Jadawalin abincin da aka ba ni ma cike yake da kayan da ban saba ci ba, har sai da na zauna da kaina na lissafa yadda zan daidaita shi da tuwo da miya idan na dawo gida.

Duk da haka zan koma, tare da tafinta a wannan karon, domin an ba abokina wata uku ya dawo a sake auna sukarinsa da ƙugunsa, kuma ina son ganin ko tumbin ya saɓe.