Kuɗin shiga dajin Yankari da motarka: na biya, kuma zan sake biya

Jama'a tunda tambayar ta yi yawa a kan tafiyar da muka yi Yankari da motata, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Abin da ake ta tambaya dai ɗaya ne, wai kuɗin da ake karɓa kafin a bar ka ka shiga cikin daji da motarka ya kai a biya, ko kuwa asara ce kawai.

Mun bar Bauchi bayan sallar asuba cikin watan Fabrairu, ni da ƙanina da yarana biyu, a tsohuwar Hilux ɗina. Hanyar Gombe muka bi, a Dindima muka yanke dama har Mainamaji inda get yake. Nan muka biya na kai da na mota aka ba mu rasit, aka rubuta lambar motar da yawan mutanen da ke ciki. Daga get zuwa sansanin Wikki akwai sama da kilomita 40, kuma duk tsawon hanyar nan ƙanina bai rufe baki ba. "Yaya, dajin Allah ne fa, mota tamu, mai namu, in taya ta fashe mu za mu yi faci, to kuɗin mene ne?" Da muka isa aka ce sai mun ɗauki ɗan rakiya kafin mu hau hanyoyin cikin daji, shi ma da kuɗinsa, ai sai ya ƙara hawa. Ni kaina a lokacin ban da amsar da zan ba shi.

Wajen ƙarfe uku da rabi aka haɗa mu da ɗan rakiyar, wani dattijo, ya zauna a gaba. Kafin in tada mota ya tambaye ni ruwa nawa muka ɗauko, akwai sifiya, akwai jak, okzilarin, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, yana shiga kuwa? Na ce Baba komai lafiya. Ya ce to Alhaji a sa shebur a baya.

Ba a gane girman Yankari sai an bar kwalta. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, hanyoyin kuma sawun taya biyu ne kawai a cikin ciyawa, ka zo mararraba uku duk kamarsu ɗaya, wayarka babu sabis ko ɗigo. Da rani namun daji kwarin kogin Gaji suke taruwa saboda ruwa, can muka nufa, mun ga gwambaza da mazo da garken ɓauna daga nesa, yarana har suna rige-rigen ƙirgawa. Akwai inda Baba ya ce in tsaya, ya sauka ya duƙa kan wani tulin kashin giwa, ya ɓare shi da tsinke ya nuna wa yaran cikin da ɗanye-ɗanye, ya ce ba su daɗe da wucewa ba. Sai ya ɗebi ƙura ya sake ta don ya ga inda iska ke kaɗawa, ya ce ba ta nan za mu bi ba, iska za ta kai musu warinmu. Wallahi da ni kaɗai ne da na taka kashin nan na wuce ban san me na taka ba.

Inda na san kuɗina bai tafi a banza ba shi ne wani busasshen rafi. A ido ƙasa ce mai tauri, muna kaiwa tsakiya tayoyin baya suka nutse cikin yashi, na ƙara wuta motar ta ƙara zama har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ga rana ta yi ƙasa ga tsando suna cizo ta cikin riga, ƙaramar 'yata ta fara kuka. Baba ko a jikinsa. Ya ce Alhaji ɗaga ƙafa, wuta ba ta fid da mota daga yashi, haƙa mata kabari take yi. Ya sa muka rage iskar tayoyi huɗun har suka ɗan baje, muka kwashe yashin gaban kowace taya da shebur, muka shimfiɗa busassun rassa, na sa ƙaramin giya na taka a hankali ta fito kamar ba ita ba. Muna cikin haƙar na tambaye shi, Baba in da ta ƙi fita fa? Ya ce ai a sansani sun san hanyar da muka ɗauka da lokacin da ya kamata mu koma, in duhu ya yi ba su gan mu ba za a biyo sawu. Ƙanina na riƙe da shebur yana ji, bai ce uffan ba.

Ashe ba mu kaɗai ake gindaya wa sharaɗin shiga daji da mota ba ma. Da na dawo na yi ta karance-karance, a Ostireliya akwai wata tsohuwar hanyar shanu cikin hamada da ake kira Canning, tsawonta kusan kilomita 1,850 da rijiyoyi 51 a kanta, sai ka nemi izini daga 'yan asalin ƙasar masu filin kafin ka bi ta da mota. Hamadar Simpson ta can ƙasar kuwa rufe ta suke yi daga farkon Disamba zuwa tsakiyar Maris saboda zafi, ko da kuɗinka a hannu. Namu dajin tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma giwayen da suka rage a ciki suna nan ne saboda akwai masu kwana a daji suna sintiri don hana mafarauta. Abin da ke cikin raina ke nan lokacin da nake duba rasit ɗin nan, in ba a biya ba wa zai tsare wa jikokina su?

Amma fa kar wani ya ce na ruɗe shi. Kuɗin izinin shiga ne, ba alkawarin ganin dabba ba ne, mu ɗin nan duk da sabon kashin ba mu ga giwa ba a ranar, zaki kuwa ko sawunsa. In gidan zu kake so inda komai ke cikin keji yana jiranka, ba nan ba ne. Ƙaya za ta karce maka fenti gefe da gefe, wannan naka ne. Mai ƙaramar mota gara ya ajiye ta a sansani ya bi motar da ake kai baƙi, kuma da damina ciyawa ta fi mutum tsawo hanyoyin sun yi laka, ni kam ba zan kai motata ba. Da na haɗa lissafi, duk abin da na biya na get da na rakiya bai kai abin da mai ya ci min zuwa da dawowa ba.

Da magariba muka koma, muka wanke ƙura a ruwan Wikki mai ɗumin nan da ba ya canzawa rani da damina, kusan digiri 31. A kula da birai a sansanin, ledar burodi a hannun yaro ba ta minti ɗaya. Abu ɗaya da na yi da-na-sanin rashinsa shi ne famfon iska mai aiki da batir, da famfon ƙafa muka mayar da iskar tayoyi huɗu washegari kafin mu kama hanya. Na riga na sayo shi, Maris mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma, wannan karon da sassafe za mu fita mu leƙa har kogunan dutse na Marshall, ƙanina ya ce kuɗin ɗan rakiya a bar masa shi zai biya.