Kwali, jaka ko akwati mai tauri: wanne ya fi wa keke a jirgin sama daga Jidda

Duk mai hawan keke a Jidda ko Makka da ya ƙudura fita waje ya yi kwana goma ko ashirin yana taka feda, abin da ya fara damunsa shi ne a cikin me zai sa keken. Na yi amfani da iri ukun da ake samu: kwalin da ake kawo sabon keke a ciki, wanda mutanen nan ke ce wa karton, da jakar yadi mai ƙarfe a gindi, da akwatin roba mai tauri mai tayoyi. Hukuncina shi ne, ga mai yawon da zai sauka a wani gari ya taso daga wani, kwali ya fi sauran biyun, kuma da tazara.

Dalili na farko nauyi ne. Yawancin tikitin talaka yana ba ka kaya ɗaya mai kilo 23, kuma ko ka biya ƙari, da wuya a karɓi kaya guda da ya wuce kilo 32, saboda mutane ne ke ɗagawa da hannu. Keken yawo na ƙarfe, da kariyar ɗora kaya a baya, yana kai kilo 14 ko 15. Kwali wajen kilo 4 ne, soso da tef su ƙara kilo ɗaya, ka tashi da kilo 20, har da sauran wurin hular kwano da takalmi. Akwati mai tauri kuwa shi kaɗai yana cin kilo 11 zuwa 13, wato kafin ka jefa ko safa ɗaya ka riga ka haura 23. Jakar yadi tana tsakiya, kilo 8 ko 9.

Dalili na biyu ya fi wannan girma, kuma shi ne mutane ba sa tunawa sai sun sauka: ina akwatin zai kwana yayin da kake kan hanya? A ce ka sauka a Tarabzon ta ƙasar Turkiyya, ka bi gaɓar Baƙin Teku ka tsallaka iyaka a Sarp zuwa Batumi ta ƙasar Jojiya, ka ƙare a Tibilisi, babban birninta. Akwatin da ka bari a Tarabzon ba zai biyo ka Jojiya da ƙafarsa ba. Ko dai ka biya a aika maka shi zuwa wata ƙasa, da duk rigimar kwastan, ko ka koma baya ka ɗauko shi. Kwali kuwa ka yar da shi a filin jirgi, ka nemi wani a ƙarshen tafiya. Akwati mai tauri yana da amfani ne idan zagaye za ka yi ka dawo gari ɗaya, musamman in kekenka na kabon ne mai tsada, wato wanda ba na ƙarfe ba, mara nauyi. A nan ma sai ka kama ɗakin daren farko da na ƙarshe a otal ɗaya, kuma su rubuta maka a saƙo cewa sun yarda su ajiye shi, domin wanda ya ce maka "ba komai" a waya wataƙila ba shi ne a kan aiki ranar ba.

Jakar yadi ce ta fi ba ni takaici. Tana da daɗin ja a cikin filin jirgi, kuma haɗa keke a cikinta ba ya ɗaukar lokaci, amma gefenta ba ya tare komai. Idan aka kwantar da ita aka ɗora shantoci, wato akwatunan matafiya, shida a kai, nauyin a kan firam, wato gangar jikin keken, da sufok na taya yake sauka. Ga shi kuma ba ta naɗuwa ƙarama yadda za ka ɗaure ta a kariya, don haka matsalar ajiya tana nan yadda take.

To, kwalin ma ba kowanne ba. Je shagon da ke sayar da manyan kekuna tun mako biyu kafin tafiya, ka ce su ajiye maka na keken dutse mai taya inci 29, ko na keken lantarki in an samu, domin ya fi kauri da faɗi. Wanda aka saba gani tsawonsa kamar santimita 140 ne, tsayi 80, kauri 20 zuwa 25. Ka roƙi tarkacen da ke zuwa da sabon keke ma, waɗanda su shara suke ɗaukarsu: robar da ake sa wa tsakanin ƙafafun fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, da faifan roba da ke rufe bakin aksul, sandar da taya ke juyawa a kanta, da ƴar robar da ake cusa wa birki. Ka duba ƙasan kwalin da kyau. Ɗanshin Jidda yana kashe kwali, wanda ya yi sati a bayan shago a watan Agusta za ka ji ya yi laushi kamar tsumma in ka danna da yatsa, kada ka karɓa. Manyan ƙusoshin da aka maƙale bakinsa da su ka zare su duka da filaya, suna karce fenti, suna kuma yanka hannu.

Kwana biyu kafin tafiya ka fara da feda. Wannan ita ce ke tsayar da mutane a daren tashi, domin fedar da ta shekara ba a taɓa ta ba sai ta kafe. Sifana mai lamba 15 ce, ko alanki 6 ko 8 ta bayan hannun feda. Ta hagu zarenta a juye yake, wanda bai sani ba zai yi ta ɗaure ta yana zaton kwancewa yake yi har ya cinye zaren. Hanyar tunawa: ka tsayar da sifanar sama ka tura ta wajen tayar baya, a kowane ɓangare haka ne. In za ka mayar, ka shafa giris. Kafin ka taɓa sirdi ka naɗa tef a sandarsa daidai inda ta shiga firam, ka kuma yi alama a kan hannun keke inda ya zauna, don kada ka yi kwana uku gwiwa na ciwo kana neman tsayin da ka saba.

Tayar gaba kaɗai ake cirewa, ta baya tana nan a wurinta, ita ce ke riƙe bayan firam. Da ka cire ta gaba, tazarar milimita 100 da ke tsakanin ƙafafun fok ta zama fili, kuma matsa ɗaya daga gefe ya isa ya lanƙwasa su. Ka sa robar nan, ko ka yanko bututun roba ko katako daidai milimita 100 ka zura aksul ta ciki ka ɗaure. Ƙasan fok ka naɗe shi da kwali ninki uku, in ba haka ba zai huda gindin akwatin tun kafin a kai shi jirgi. Idan birkinka na mai ne, ka cusa robarsa tsakanin takalman birkin nan take. Ana matsa hannun birki sau ɗaya babu faifai a ciki, takalman za su haɗe, sai ka sha wuya kafin ka raba su. Faifan birkin tayar gaba ka kwance shi, noti shida ne da makulli mai tauraro T25, ko kuma zobe ɗaya in irin Center Lock ne. Ka sa shi tsakanin kwali biyu a cikin leda mai tsabta, kada maiƙo ya taɓa shi. Faifan da aka bari a jikin taya shi ne abin da ya fi yawan isowa a karkace, kuma karkacewar da ido ba ya gani ta isa ta sa keke ya yi ta kuka tsawon tafiya.

Hannun keke ka kwance shi daga noti huɗun gaba, kada ka cire wuyan da ke riƙe fok, domin fok zai zame, ƙwallayen ciki su watse. Ka kwantar da hannun a jikin firam ka ɗaure, kana lura kada tiyon mai ya karye a lanƙwasa.

Sai giyar baya, na'urar da ke sauya wa sarƙa wuri, wadda a nan ne tafiya ke lalacewa tun ba a fara ba. Tana rataye ne a jikin wani ɗan kunnen alminiyam da aka yi shi da gangan don ya lanƙwashe ko ya karye a madadin firam. A cikin kwali ita ce ta fi kowa turowa gefe, duk bugun da aka yi wa ɓangaren dama ita ke sha. Noti ɗaya ne da alanki 5: ka kwance ta, ba sai ka cire waya ko sarƙa ba, ka naɗe ta da tsumma ka ɗaure ta a cikin kusurwar firam. Kuma ka sayi kunne na biyu ka tafi da shi. Kowane firam da irin nasa, sun kai ɗaruruwa, shagon ƙauye a kan dutse ba zai sami naka ba. Ba shi da wani nauyi.

Don rufe bututun firam babu abin da ya kai baƙin soson da ake sa wa bututun na'urar sanyaya ɗaki, wanda kowane shagon kayan famfo a Jidda yake da shi. Mita huɗu ya isa. Ka tsaga shi a tsaye, ka rufa, ka kama da tef a kan soson, kada tef ya taɓa fenti. Tayar gaba tana shiga ta hagu, ɓangaren da babu sarƙa, da kwali tsakaninta da firam. Ka ɗaure komai ya zama dunƙule ɗaya, yadda in jami'in tsaro ya buɗe ya zaro keken zai iya mayar da shi. Feda da ƙananan notuna su shiga jaka ɗaya da aka ɗaure a firam. Abin da aka bari yana yawo a ciki ko ya fita ta ramin hannu, ko ya yi ta dukan firam tun daga Jidda. In ka gama, ka ɗaga kwalin ka girgiza, duk ƙarar da ka ji, buɗe ka nemo ta.

Maganar sace iskar taya an cika zuzuta ta. Ɗakin kaya na jirgi yana da matsin iska irin na ɗakin fasinja, bambancinsa da na ƙasa bai wuce rubu'in bar ɗaya ba a ma'aunin matsin iska, taya ba za ta fashe a kan wannan ba. Amma ma'aikata suna tambaya, don haka ka rage, kada ka sace duka. Iska kaɗan tana kare rim daga bugu, kuma in tayarka marar tif ce, sace ta gaba ɗaya zai sa bakinta ya saki, ruwan liƙin ya malale cikin kwali. Tukunyar gas ta girki da gwangwanin mai na fesawa ba sa shiga jirgi. Ƙananan kwalaben iskar cika taya ma ka bar su a gida ka ɗauki famfon hannu. Baturan ajiya da fawa banki a jakar hannu suke tafiya, alanki da sifana kuwa a cikin kwali. Mai keken lantarki ya sani cewa baturin da ƙarfinsa ya wuce Wh 160, ma'aunin wutar da baturi ke ɗauka, ba ya hawa jirgin fasinja ko ta wace hanya, na keke kuwa yawanci daga 400 yake farawa.

Rufewa tef mai faɗin santimita 5 ake yi da shi, nadi biyu. Ka bi gindi da kusurwoyi, ka zagaye ramukan hannu sosai domin nan ne ke fara yagewa. Kada ka ɗaure da igiya irin yadda muka saba yi wa kayan zuwa gida, filin jirgin Sarki Abdul'aziz ya sha sanar da cewa ba a karɓar kayan da aka ɗaure da igiya. Naɗin leda na inji yana da amfani in za ka gari mai ruwan sama irin na gaɓar Baƙin Teku, inda kwali zai iya zama a fili ana ruwa, sai dai ka huda ledar a ramukan hannu, in ba haka ba masu lodi za su ja shi a ƙasa.

Ka sanar da kamfanin jirgi cewa da keke za ka zo, aƙalla kwana biyu kafin tashi, ka buga ƙa'idarsu a takarda ka riƙe. Jimillar tsawo da faɗi da tsayin kwalin ta kusa santimita 240, alhali iyakar shanta ta yau da kullum 158 ce, don haka in ba a rubuta shi a matsayin kayan wasanni ba, kuɗin wuce girma za a caje ka. Idan wani ɓangaren tafiyar jirgin wani kamfani ne zai ɗauke ka, ka duba tasu ƙa'idar ma. Zuwa filin jirgi kuma, ƙaramar mota ba ta ɗaukar kwalin, ka shirya dabbab, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, ko Hilux tun ana gobe tafiya. Ƴan'uwa na Makka da Madina kada su dogara da jirgin ƙasa na Haramain, girman kayan da yake karɓa bai kai na kwalin keke ba. Ka isa da awa uku da rabi a hannu, domin bayan awo sai ka kai shi da kanka wurin manyan kaya.

In ka sauka, a ƙofar manyan kaya zai fito, ba lallai a kan bel ba. Ka duba shi a wurin, in ka ga huji ko matsewa ka ɗauki hoto, ka buɗe, ka je teburin kaya a cika maka takardar rahoton ɓarna da ake kira PIR kafin ka fita. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 ta ba ka kwana bakwai ne kacal ka kai ƙorafin lalacewar kaya a rubuce. Haɗa keken yana cin kamar awa ɗaya a wani lungu. Kwalin ka ɓare sunanka da lambar kaya daga jikinsa, ka tambayi mai shara inda za ka ajiye, kada ka jingine shi ka tafi, akwatin da babu mai shi a filin jirgi tashin hankali ne ga jami'an tsaro.

Robar fok da ta birki da ta bakin aksul ka zuba su a ƙasan jaka, za ka neme su a dawowa. Ka tsara isa garin ƙarshe da kwana biyu a hannu, kuma tun saura mako ka aika wa shagunan keke biyu ko uku saƙo su ajiye maka kwali, domin da yawa suna yaga nasu ranar da suka buɗe. In duk ba a samu ba, shagon firij da talabijin yana da manyan kwalaye masu kauri: ka haɗa biyu, ɗaya ya shige cikin ɗaya da kamar santimita 30, ka yanka daidai tsayin keken, ka ninka gindin, sannan ka auna shi a sikelin otal kafin ka kira mota.