Ɗaukar jagora zuwa Tsibiri da Danja: abin da kuɗinka zai saya da abin da ba zai saya ba

Wanda ke son sanin Maraɗi fiye da kasuwa da tasha, ɗalibi ne mai rubuta kundi ko baƙo daga Katsina ko Yamai, ƙarshenta sai ya nemi jagora. Yawancin masu wannan sana'a ba su da ofishi. Mai masauki ne ke haɗa ka da su, ko ɗan kabu-kabu ya ce yana da ɗan'uwan da ya san kan abin. Hajarsu kusan iri ɗaya ce: yini guda, fadar Maraɗi da safe, Tsibiri kafin azahar, Danja da la'asar, da alkawarin sarauta da gargajiyar Anna, wato Hausawa masu addinin kaka da kakanni, da tarihin ƴan mishan. Cikin ukun nan, sarauta ce kaɗai suke cikawa yadda ya kamata. Gargajiya sai an taki sa'a. Tarihin mishan kuwa, in ba ka shirya abinka da kanka ba, katanga kawai za ka gani.

A fada suna cin kuɗinsu da halal. Jagora nagari ya san dogarin da za a fara gaisarwa, da inda ake tuɓe takalmi, da wanda ake miƙa wa goro don ya yi iso. Zai hana ka miƙa wa basarake hannu, ya tuna maka ka durƙusa ka ce "ranka shi daɗe". Wannan kaɗai ya isa dalilin ɗaukarsa, don baƙon da ya zo shi kaɗai yakan yi awa guda a zaure ba wanda ya tanka masa. Safiyar Juma'a ta fi armashi, lokacin da masu sarauta ke zuwa gaisuwa.

Amma kafin ka ba da ko dala, gwada shi da tambaya uku. Me ya sa ake ce wa sarkin Maraɗi Sarkin Katsina? Wanda ya san abinsa zai ce maka gidan sarautar Katsina ne ya yo arewa bayan birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, har Ɗan Kasawa ya kafa mulki a nan. Wa ya kafa Tsibiri, garin da allunan hanya ke rubutawa Tibiri? Sarkin Gobir Mayaƙi ne, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu. Me ya sa tsohon garin Maraɗi ya bar kwari ya hau tudu? Ambaliyar Gulbi ta 1945. Wanda ya kasa biyu cikin ukun, ɗan rakiya ne, ka biya shi ladan rakiya. Akwai ƙarin gwaji mai daɗi ga wanda ya ce shi Bagobiri ne: ya faɗi adadin tsagen Gobirawa. Shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan.

Inda aikin ke fara tangaɗi shi ne gargajiya. A masarautun nan biyu akwai sarautar mace da harkar bori ke ƙarƙashinta tun asali, Iya a Maraɗi, Inna a Gobir, kuma dukansu daga gidan sarauta ake naɗo su. Gidansu ba wurin kallo ba ne. Ana aika saƙo tun jajibiri, a jira amsa, a zo da goro da turare, kuma in akwai mace cikin tawaga ƙofa ta fi saurin buɗewa. Jagorori da yawa ba sa yin wannan shiri. Wasu kunya suke ji a gan su a ƙofar, tun da wa'azi ya yi ƙarfi a garin, kuma mutane ba su manta da tarzomar Nuwamban 2000 ba, wadda ta taɓa gidajen bori da majami'u a Maraɗi. Sai su kai ka bakin ƙofa su nuna da baki, a wuce.

Mafi muni shi ne wasan haya. A samo mai goge da mata biyu masu kiɗan ƙwarya, wata ta yi tsalle ta faɗi da mazaunai, a ce maka iska ya hau, a miƙo faifai. Gane shi ba wuya. A wasan gaskiya kowane iska da taken kiɗansa da kirarinsa da kayansa: Malam Alhaji da fararen tufafi da carbi yana tarin tsufa, Ɗan Galadima da shigar ɗan sarki yana rabon kyauta, Sarkin Rafi da haukarsa. Ana ɗaukar lokaci mai tsawo ana kiɗa kafin wani ya hau dokinsa ko goɗiyarsa, kuma sai da atishawa yake sauka. In cikin minti goma an hau an sauka, kai aka yi wa wasa. Girka kuwa magani ce ta kwanaki da ake yi wa marar lafiya a keɓe, duk wanda ya ce zai kai ka kallonta ka san da wanda kake tafe.

Buɗin daji ma haka. Bikin Anna ne na bayan kaka, cikin ɗari, lokacin da ake yanka, a duba abin da shekara za ta zo da shi, sannan a ba mafarauta izinin shiga daji. Dattawan da suka gaji abin ne ke sa rana bisa lissafin wata, don haka jagoran da ya ba ka rana wata biyu kafin lokaci cika baki ya yi. Abin da za a iya samu kowane lokaci shi ne zama da dattijo a ƙauye, ya bayyana dangantakar iska da launin dabbar yanka, da yadda manomi ke zama Sarkin Noma in ya tara dami dubu ya yi biki ya rabar. Zaman awa ɗaya irin wannan ya fi wasan haya goma. Kuma a kula da baki: kalmar "arne" zagi ce a kunnen mutane da yawa, jikokin masu wannan gado kuwa galibinsu Musulmi ne masu salla.

Sai mishan. Ƙungiyar SIM, wato Sudan Interior Mission, ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ta buɗe tasha a Tsibiri a 1927, Maraɗi ta biyo baya a 1940. Turawanta daga ƙasashen masu Ingilishi suka fito, da Hausa suke wa'azi da koyar da karatu, musamman bayan an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shi ya sa mahukuntan Faransa ba su taɓa sakin jiki da su ba, shi ya sa kuma har yau sujada a ikilisiyoyin EERN (Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar) na yankin da Hausa ake yinta, masu yinta kuma Hausawa ne, wasunsu jinin sarautar Gobir. Katolika tarihinsu dabam ne, a 2001 Maraɗi ta samu nata bishop. Jagora kaɗan ne ke iya rarrabe waɗannan, yawanci "cocin Kirista" ne duka a bakinsu. Mafita ita ce a nemi fasto ko dattijon ikilisiya tun kafin ranar, ya ba da wanda zai zagaya da kai. Ranar Lahadi da safe suna sujada, ba lokacin tambayoyi ba ne.

Danja tana kudu, kamar kilomita 15 a hanyar Ɗan Isa. A 1956 aka buɗe asibitin mishan a can don masu kuturta, a 2012 aka ƙara sashen mata masu yoyon fitsari. Asibiti ne mai aiki, sai da izinin hukumarsa ake zagayawa, kuma waya ta zauna a aljihu. Jagoran da ya ce ka ɗauki hoto ba komai, kai za a kora ba shi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gadon mishan mafi girma yana gefen kwalta, ana wuce shi a guje. Tun 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da SIM a Maraɗi a lokacin, ya fara jan hankalin manoma su daina tumɓuke kututture, abin ya bazu bayan yunwar 1984, yanzu sunansa sassaben zamani. Ka sa a tsaya a kowace gona ka duba gindin sabara ko kalgo: an zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafiya ƙarfi an bari, an sare sauran, an aske ƙananan rassa zuwa rabin tsayi da yankan da ke hawa sama don kada ɓawo ya tsage. Mai gonar zai yi maka bayanin da ya fi na jagora.

A yi ciniki tasha-tasha, a faɗi ko kuɗin mai da na goro suna ciki, a ba da rabi da safe, rabi bayan an dawo. Rabin ƙwaryar goro, wato guda 50, ya isa a kasa uku. A canza jika biyar na kuɗin sefa zuwa ƴan dala ashirin da dala ɗari saboda dogarai da maroƙa, don wanda ya fito da jika a gaban maroƙi ba ya ganin canji. Tsibiri kamar kilomita 10 ne a hanyar Gidan Rumji, kabu-kabu ya isa, amma in za a haɗa da Danja a ɗauki mota. Yini ɗaya bai isa ukun ba: fada da Tsibiri ranar Juma'a, Danja da gonaki wata ranar aiki. Ƙauyukan da ke kusa da iyaka kuwa, saboda ɓarayin daji, a tambayi halin hanya da safen ranar, a kuma kasance cikin gari kafin magariba.