Na'urar Hannu Ko Ɗakin Gwaje-gwaje: Abin Da Mai Harkar Ma'adinai A Sakkwato Zai Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

Duk wanda ya shiga harkar ma'adinai a Sakkwato da kewayenta, ko dillali ne mai sayen jifsam daga hannun masu tono, ko mai neman lasisin haƙar farar ƙasa, ko wanda aka kawo wa dutse daga Zamfara ko Yawuri aka ce masa akwai zinariya a ciki, wata rana sai ya buƙaci sanin ainihin abin da dutsen ya ƙunsa. Hanyoyin gwaji suna da yawa, farashinsu ya bambanta ƙwarai, kuma kowacce akwai tambayar da take iya amsawa da wadda ba ta iyawa. Yawancin asarar da na gani a wannan harka ta faru ne saboda an ɗauki hanyar da ta dace da wani irin dutse an ɗora wa wani.

Ya kamata a fara da sanin ƙasar da muke kai. Mafi yawan Jihar Sakkwato tana zaune ne a kan shimfiɗaɗɗun duwatsun da tsohon teku ya bari, shi ya sa arzikinta ya fi karkata ga farar ƙasa irin ta Kalambaina, wadda masana'antar siminti ke amfani da ita tun 1967, da dunƙulen fosfet na yankin Dange da Shuni, da jifsam, da laka iri-iri. Zinariya da dalma kuwa sun fi yawa a tsofaffin duwatsun Zamfara da kudancin Kebbi. Gwajin da mai farar ƙasa yake buƙata daban yake da na mai zinariya, ko da kuwa shagunansu suna jere a layi ɗaya.

Zaɓin da ya fi ɗaukar hankalin mutane yanzu shi ne na'urar XRF ta hannu, wadda ake riƙewa kamar ƙaramar bindiga, a ɗora bakinta a kan dutse, cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka ta jero sinadaran da ta gani. Fitattun samfuranta sun haɗa da Niton da Vanta da kuma S1 Titan na kamfanin Bruker, kuma sabuwa takan ci dubun-dubatar daloli. Amfaninta a fili yake: ana zuwa da ita bakin rami, ba a jiran sakamako, kuma tana da ƙarfi wajen gano dalma, jan ƙarfe, tutiya, baƙin ƙarfe da asanik. Sai dai iyakokinta ma suna da yawa, kuma ba kowane mai talla ne zai faɗe su ba. Fatar dutsen kawai take karantawa, ɗan wuri da bai kai faɗin farce ba, don haka idan aka juya dutsen sai lambar ta canza. Danshi yana rage abin da take nunawa. Ba ta ganin sinadarai marasa nauyi irin su lityam da sodiyam da kabon, saboda haka duk wanda ya ce zai auna maka lityam da ita kai tsaye, bai faɗa maka gaskiya ba. Kuma da yake haske mai cutarwa take fitarwa, mallakarta da amfani da ita suna ƙarƙashin dokokin NNRA, hukumar da ke kula da harkokin nukiliya a Najeriya, kuma haɗari ne a riƙe dutse a tafin hannu a harba masa ita.

Babbar matsalar tana wajen zinariya. Dutsen da ke ɗauke da giram 2 ko 3 a cikin tan guda ana iya cin riba da shi, amma wannan adadi yakan faɗo ƙasa da abin da na'urar hannu za ta iya gani da tabbaci. Ƙari a kan haka, tutiya da asanik da tangistan suna ba da alamar da ke kusa da ta zinariya, har na'urar ta nuna zinariya a inda babu ita. Idan narkakkiyar zinariya ce ko kayan ado ake son sanin karat ɗinsu, a nan tana aiki sosai, muddin ba shafe aka yi wa wani ƙarfe ba. Amma sayen buhunan dutse bisa lambar da ta nuna ganganci ne da dukiya.

Hanyar da masana suka dogara da ita wajen zinariya ita ce gwajin wuta, kuma tsohuwar hanya ce da ta daɗe ba a sami wadda ta ture ta ba. Ana ɗibar giram 30 ko 50 na niƙaƙƙen dutse, a haɗa shi da garin dalma mai iskar shaƙa da soda da boras, a narka a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,000. Dalmar takan tattaro zinariya da azurfa ta nutse ƙasan kasko. Daga nan sai a sa dunƙulen dalmar a wani ɗan kasko na tokar ƙashi ko na magniziya, wanda ke shanye dalmar ya bar ɗan ƙwaya mai sheƙi, a cire azurfar a auna nauyin zinariyar, ko a narka shi da asid a karanta da AAS, na'urar ɗakin gwaji mai auna yawan ƙarfe a cikin ruwa. Da wannan hanya ana iya gane abin da bai kai giram ɗaya a tan ba. Akwai wadda ta fi ta araha, wato jiƙa samfur a cakuɗen asid biyu, kashi uku na haidirokulorik da kashi ɗaya na naitirik, amma ba koyaushe take fitar da zinariyar da ta maƙale cikin ƙanƙarar dutse ba, don haka ta fi dacewa da binciken farko. Idan kuwa zinariyar tana da manyan ƙwayoyi da ido ke gani, sai a nemi a tankaɗe samfurin a gwada tsakin daban, garin daban, domin ƙwaya ɗaya tak tana iya ninka sakamako ko ta ɓace daga cikinsa.

Akwai wuri guda da nake ganin na'urar hannu ta cancanci kuɗinta ko da ba ta kawo ribar kwabo ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a busashe cikin gidaje, ƙurarsa tana sauka a tsakar gida da abinci. Irin wannan na'ura ce aka yi amfani da ita wajen auna ƙasar ƙauyukan lokacin aikin tsabtacewa. Ƙungiyar masu haƙa da za ta haɗa kuɗi ta mallaki guda ɗaya domin tantance dutse kafin a kai shi injin niƙa, ta yi abin da ya dace.

Ga mai farar ƙasa, fosfet ko jifsam, abin nema shi ne babbar na'urar XRF ta ɗakin gwaje-gwaje, musamman inda ake narka garin ya zama ɗan faifan gilas kafin a karanta, domin wannan ya fi matse gari daidaito. Tsantsar farar ƙasa tana da kashi 56 cikin ɗari na kalsiyam oksaid, sauran 44 kuwa iska ce da ke fita idan an ƙona ta, saboda haka rahoton da bai nuna nauyin da ya ragu bayan ƙonawa ba, bai cika ba. A duba magniziyam da kyau, domin yawansa yana ɓata siminti. A fosfet, adadin P2O5, wato ma'aunin yawan sinadarin fosfaras da ke cikinsa, shi ne ke yanke farashi, kuma wanda ake ciniki da shi a kasuwar duniya yakan kai kashi 30 ko kusa da haka. Amma wanda ke son niƙa shi ya sayar wa manoma kai tsaye sai ya ƙara neman gwajin narkewa a asid ɗin sitirik mai ƙarfin kashi 2, da kuma auna kadmiyam da yuraniyam, waɗanda sukan biyo fosfet. Jifsam yana da nasa tarkon: kusan kashi 21 na nauyinsa ruwa ne da ke cikin jikin dutsen, kuma idan aka busar da shi a zafin digiri 105 kamar sauran samfura, wani sashe na ruwan zai fita, sakamakon ya karkace. Sai an gaya wa ma'aikacin tun farko cewa jifsam ne.

Laka kuwa tana buƙatar wata na'urar ɗakin gwaji mai suna XRD, wadda ke faɗin sunan ma'adinin da kansa, domin laka biyu suna iya kusantar juna a sinadarai alhali ɗaya ta dace da tangaran, ɗayar kuma da aikin haƙar rijiyar burtsatse. Wata na'urar kuma mai suna ICP tana auna sinadarai da dama a lokaci guda, amma ba kowane ɗan kasuwa ne ke buƙatarta ba.

Game da inda za a kai, mafi kusa shi ne sassan kimiyyar sinadarai da ta ƙasa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ko ba a yi gwajin a nan ba za a sami mai duba dutsen ya faɗi gwajin da ya dace. Akwai ɗakunan binciken hukumar binciken ƙasa da ma'adinai ta Najeriya (NGSA) a Kaduna, da cibiyar bunƙasa sarrafa ƙarafa ta ƙasa a Jos, da cibiyar binciken makamashi (CERT) ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sannan da ɗakuna masu zaman kansu. Kafin a biya, a tambayi hanyar da za su bi, da mafi ƙarancin adadin da na'urarsu ke ganowa, da ko suna da shaidar ISO 17025, wato takardar tabbatar da ƙwarewar ɗakin gwaji, a kan wannan gwajin takamaimai, abin da masu saye daga waje sukan nema.

Sai kuma ɗibar samfur, wadda ita ce ta fi kowace na'ura yanke hukunci. Halin ɗan Adam ne ya tsinci dutsen da ya fi kyau ya aika, sakamakon ya fito da daɗin karantawa, a sayi tirela guda a kansa, daga baya a rasa wanda za a zarga. A ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasan tulin, a farfasa, a cakuɗa, a raba huɗu a ɗauki kashi biyu masu kallon juna, a maimaita har ya rage kilo ɗaya ko biyu. A ɗakin gwaji a tabbatar an niƙa shi ya wuce rariya mai ƙananan huji ƙwarai, na maikiron 75. A aika samfur ɗaya sau biyu da lambobi daban ba tare da an sanar da su ba, a kuma ajiye rabinsa a gida domin gwaji na biyu idan gardama ta taso.

A ganina, wanda samfuransa ba su wuce goma ko ashirin a wata ba, ba shi da dalilin sayen na'urar hannu, domin bayan kuɗinta akwai na daidaita ta lokaci-lokaci, wanda sau da yawa sai an fitar da ita waje, ga kuma ƙurar hunturu da zafin bazarar Sakkwato da ke wahalar da kayan lantarki. Wanda ke sayen dalma ko tutiya kullum a bakin rami, shi ne za ta yi wa rana, shi ma da sharaɗin ya riƙa aika wasu samfuran ɗakin gwaji yana kwatanta lambobin. Idan ta hannu ce za a saya, a nemi takardar daidaitawarta ta ƙarshe, a tabbatar an sa mata manhajar duwatsu, ba ta ƙarafa kaɗai ba, kuma a gwada ta a kan samfurin da aka riga aka san abin da ke cikinsa kafin kuɗi su bar hannu.