Kwalin littattafai goma sha biyu: yadda muka zaɓi labarin ban tsoro a Ingila

A farkon watan Oktoban da ya wuce ne ƙungiyarmu ta karatu ta ɗora mini nauyin zaɓo littafin da za mu karanta na gaba, kuma aka tsayar da shawara cewa a wannan karon labarin ban tsoro ake so. Mu goma sha biyu ne, dukkanmu mata 'yan gida da zama ya kawo wannan gari na arewacin Ingila, wasu ma'aikatan jinya, wasu ɗalibai, wasu kuma suna gida suna renon yara, kuma sau ɗaya muke haɗuwa a wata. Abin da ya faru da ni a laburaren unguwarmu sanadiyyar wannan aike shi nake so in ba ku labarinsa, domin har yau bai bar zuciyata ba.

Na shiga ne da sunan marubuci guda a bakina, wato Stephen King, saboda shi kaɗai na sani a wannan fage. Matar da ke kan tebur, dattijuwa mai furfura, ta je ta ɗauko mini littafinsa mai suna It, wanda ya fito a 1986, ta ajiye a gabana, sai ga shi ya haura shafi dubu. Daga nan ta ja kujera ta ce in zauna, ta fara yi mini tambayoyin da ban taɓa zaton ana yi wa mai neman aron littafi ba. Ta tambaye ni mu nawa ne, mako nawa muke da shi kafin zama na gaba, kuma mutum nawa ne a cikinmu ke aikin dare. Ta tambaya ko akwai wadda aka yi wa rasuwa kwanan nan, ko mai juna biyu, ko wadda ke kwana ita kaɗai a gida. Sannan ta zo kan tambayar da ta fi tsaya mini a rai, ta ce wane irin tsoro muke nema, domin a cewarta tsoro iri-iri ne: akwai na jini da yanka, akwai na fatalwa da gidan da ake jin motsi cikin dare, akwai na wata halitta da ke farautar mutane, akwai kuma wanda mai karatu zai gama littafi bai tabbatar ko abin ya faru da gaske ko a kan mai labarin kawai yake ba.

Kusan rabin sa'a wannan baiwar Allah ta ɓata a kaina, ga mutane suna shigowa suna fita, kuma ko sau ɗaya ba ta nuna mini cewa na zo da ƙaramar buƙata ba. Wannan ne ya fi taɓa ni. Ban zo neman littafin jarrabawa ba, ban zo binciken digiri ba, labarin hira kawai nake nema wa ƙawayena, amma ta ɗauki maganar da muhimmancin da likita ke ɗaukar koken majinyaci. Na tuna sau nawa a gida na ga an dubi babban mutum riƙe da ƙagaggen labari an ce ba shi da aikin yi, na kuma tuna yadda ma'aikaci kan amsa tambaya da nuni da baki ba tare da ya ɗago kai ba, sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Abin da na koya a wannan zama shi ne cewa zaɓar wa jama'a littafi daban yake da zaɓar wa kai. Littafin da zai hana mutum ɗaya barci yana iya barin mutum goma sha biyu zaune shiru babu abin cewa, domin idan duk abin da ke cikinsa razana ce, da an ce “ya ba ni tsoro” magana ta ƙare. Wanda ya dace da ƙungiya shi ne wanda zai raba kan masu karatu gida biyu ko uku, kowa da hujjarsa. Dole kuma a duba tsawonsa, saboda wadda ta fito daga aikin sa'a goma sha biyu ba za ta iya da shafi dubu ba, kuma da zarar mutum uku ba su gama ba, zaman ya lalace, waɗanda suka gama suna tsoron tona ƙarshen labari, waɗanda ba su gama ba suna jin kunya. Na ƙara mata da sharaɗinmu na kanmu, cewa ba ma son batsa ko wasa da addini, ta rubuta a takarda ba tare da ta nemi ba'asi ba.

Littattafai uku ta tsamo mini. Na farko shi ne Frankenstein na Mary Shelley, wanda ya fito a 1818 marubuciyar tana da shekara ashirin, labarin mutumin da ya haɗa wata halitta da hannunsa sannan ya guje ta. Ta ce tausayinsa ya fi tsoronsa yawa, kuma Turancinsa na dā ne, mai nauyi. Na biyu Dracula na Bram Stoker, na 1897, wanda aka gina da wasiƙu da rubutun kundin tarihin rana na mutane daban-daban, abin da ke sa ya yi daɗin rabawa tsakanin masu karatu, sai dai yana da tsawo kuma tsakiyarsa na jan ƙafa. Na uku The Haunting of Hill House na Shirley Jackson, 'yar Amurka, na 1959, wanda bai kai shafi ɗari uku ba, labarin mutane huɗu da suka tare a wani tsohon gida domin su binciki abin da ake cewa yana faruwa a cikinsa. Babu kwararar jini a ciki, kuma har ka rufe shi ba za ka iya rantsuwa ko gidan ne ke da abu ko kuwa Eleanor, jarumar labarin, ita ce hankalinta ke gushewa ba. Shi na zaɓa, kuma Hajiyar da ke shugabantarmu ta amince da na kira ta a waya.

A nan ne kuma na ci karo da abin haushin ƙasar nan. Laburaren yana da tsari na musamman domin ƙungiyoyin karatu, inda ake ba da kwafi goma ko fiye na littafi ɗaya a cikin kwali, a tafi da su na tsawon makonni. Amma da ta duba kwamfuta sai ta ce duk kwalayen labaran ban tsoro an riga an kama su, saboda Halowin, bikin fatalwa da abubuwan ban tsoro da suke yi ranar 31 ga Oktoba, kuma wasu ƙungiyoyin tun farkon shekara suke tsara abin da za su karanta wata bayan wata. Sai watan Janairu layi zai zo kanmu. Na roƙe ta ko akwai wata hanya, ta ba ni haƙuri cikin ladabi, amma ko gezau, layi layi ne. Mutanen nan ba su san uzuri ba idan tsari ya riga ya hau takarda, kuma wannan hali da ke burge ni a wasu lokuta, a ranar ƙona mini rai ya yi. Ga shi laburaren ba kullum yake buɗewa ba, wasu ranakun ma rabin yini ne, domin tun daga 2010 an rage wa ƙananan hukumomi kuɗi, an rufe ɗaruruwan laburare a faɗin ƙasar, wasu kuma 'yan sa-kai ne ke riƙe da su. Sau biyu ina zuwa cikin ruwan sama in tarar da ƙofa a kulle. Akwai manhajar waya irin su Libby da BorrowBox da ake aron littafi ko sautinsa ta cikinsu, amma can ma layin ne, kwafi ɗaya mutum ɗaya. Kuma duk faɗin kantocin nan, da na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ga littattafan Urdu da Larabci da harshen ƙasar Poland, ban ga ko ɗaya da Hausa ba.

Janairu na kamawa saƙo ya shigo wayata cewa kwalinmu ya iso. Na je na tarar da kwafi goma sha biyu a jere, ɗaya daga ciki mai manyan baƙaƙe saboda na ambata mata tun a Oktoba cewa Hajiya na fama da ido, kuma ba ta manta ba. Katin laburare kawai na miƙa. Ba a nemi jingina ba, ba a nemi wanda zai tsaya mini ba. Daga baya na fahimci cewa dokar da aka yi a 1964 ta wajabta wa ƙananan hukumomin Ingila da Wales su samar wa jama'a laburare, ta kuma hana karɓar kuɗin aron littafi daga mazauna yankin, ko da yake wasu wuraren suna karɓar ɗan kuɗin rajista a kan kwalayen ƙungiya. Akwai kuma wata doka ta 1979 da ta sa gwamnati ke biyan marubutan da suka yi rajista wani ɗan abu gwargwadon yawan aron da aka yi wa littattafansu. Ku kwatanta wannan da abin da muke yi wa namu marubutan, inda littafi ke fitowa yau, gobe wani ya ɗauki hotonsa shafi-shafi ya watsa a WhatsApp, har ana yi masa godiya da addu'a, ita kuwa wadda ta hana idonta barci ta rubuta ba ta ga ko sisi ba.

Jinkirin ya zame mana alheri ta wata fuska, domin a Janairu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara rufawa, iska na kaɗa taga, kuma gidajen nan na katako da bulo ba sa rabuwa da ƙara cikin dare. Zaman da muka yi a kan littafin ya fi kowane zama zafi. Ma'aikatan jinyar cikinmu suka tsaya kai da fata cewa Eleanor ba ta da lafiya, kaɗaici da shekarun da ta yi tana jinyar mahaifiyarta ne suka cinye ta. Wasu suka ce duk wanda ya san akwai aljanu ba zai yi gardamar cewa gida na iya zama da masu shi na ɓoye ba. Wata ƙanwarmu ɗaliba ta ce ita abin da ya razana ta shi ne yadda matar ta rasa inda za ta kira gida har ta miƙa wuya ga wanda zai halaka ta, sai ɗakin ya yi tsit, domin kowaccenmu ta san abin da take nufi. Da Hausa muka yi muhawarar daga farko har ƙarshe, muryoyi na hawa kan juna, kuma a daren na yi kewar kakata da yadda take rage murya idan tatsuniya ta iso wurin Dodo, har mu matso jikinta ba tare da ta kira mu ba.

Ranar mayarwa na ƙirga littattafai na samu goma sha ɗaya. Wata daga cikinmu ta ara wa maƙwabciyarta, ita kuma ta tafi da shi wani gari. Da na yi mata magana sai ta ce, “Haba Yaya, littafi ɗaya ne fa, suna da su da yawa.” Wannan magana ta yi mini ciwo fiye da ɓatan littafin, domin ita ce dai maganar da ta kwashe kantocin gidajenmu da na makarantunmu, inda aro ya zama kyauta, mai neman kayansa kuma ya zama marowaci. Mun tsallako teku da wannan hali, muna yaba amanar da aka ba mu da baki, muna warware ta da hannu. Akwai wata ƙungiya da ke jiran kwalin nan a bayanmu kamar yadda muka jira wata uku, kuma su ma goma sha biyu aka yi musu alkawari.

Na ɗauki kwalin na tafi ina jin nauyin haɗa ido da dattijuwar. Na faɗa mata gaskiyar abin da ya faru, ta saurara, ta ƙara mana mako biyu a kan wannan kwafi ɗaya, ta ce za ta nemo wani daga reshen wata unguwa ta cike wa masu jira. Hajiya da kanta ta kira maƙwabciyar, aka aiko da littafin ta gidan waya, ya iso saura kwana uku wa'adi ya cika. Da na kai shi, dattijuwar ta buɗe shafin farko ta duba lambarsa, ta mayar da shi cikin lissafi, sannan ta ɗauko takardar rajistar shekara ta tambaye ni ko a sa sunan ƙungiyarmu a layin Dracula na Oktoba mai zuwa tun yanzu. Na ce a sa.