importlib ko subprocess? Ga wanda zan ɗauka

Malam, ka tambayi yadda manhaja za ta tashi aikin da aka rubuta mata a fayil ɗin saiti. Tsakanin ka rubuta adireshin sikirif a fayil ɗin ka tashe shi da subprocess, da ka rubuta sunan modul ka ɗauko shi da importlib, ɗauki na biyu, in dai duk aikinka Python ne.

Da importlib nake tafiyar da 'yar manhajar wani shagon magani. A fayil ɗin saitinta, mai tsarin TOML, kowane aiki layi ɗaya gare shi:

rahoto = "ayyuka.rahoto:gudana"

Manhaja ta raba layin daidai ɗigo biyun nan, ta miƙa na hagu ga importlib.import_module, ta ciro na dama da getattr, ta kira shi. Shi ke nan fa. Tsarin da uvicorn, mai tashin manhajojin intanet na Python, ke karɓa ke nan in ka ce masa main:app, haka ma pyproject.toml, fayil ɗin saitin ayyukan Python, don haka duk wanda ya gaji aikinka zai gane da kallo ɗaya. Ranar da mai shago ya ce a kwashe komai daga kwamfutarsa mai Windows zuwa saba (server) mai Linux, na haɗa shayi na zauna jiran matsala. Ko harafi ban taɓa ba a fayil ɗin saiti, rahoton dare ya fita a kan lokacinsa. Sunan modul ba ruwansa da C:\ ko /home, Python ne ke nemo shi da kansa, muddin ka girka aikin da pip. Kuma tun daga Python 3.11 na 2022 akwai tomllib, mai karanta TOML, a ciki, ba sai ka sauke komai ba.

Shi kuwa subprocess, to, yana da ranarsa: in sikirif ɗin na bash ne, ko mai iya maƙalewa ne kana so ka yanka masa lokaci. Amma adireshi irin ayyuka/rahoto.py daga foldar da aka tashi manhaja ake ƙirga shi. A hannunka ya yi aiki lafiya lau, cron, mai tashin ayyuka a kan lokaci a Linux, ya zo da dare ya tashi daga foldar gida ya ce bai ga fayil ba. In subprocess ya zama dole, yi amfani da sys.executable, adireshin Python ɗin da ke gudana, maimakon rubuta python, ka gina adireshin daga __file__, wato adireshin fayil ɗin da kake rubutu a ciki.

Ba ka tambaya ba, amma hattara da masu tallar haɗaɗɗen sikirif a Telegram da WhatsApp, wai ka biya ka canza saiti kawai. Fayil ɗin saitin da ke tashin sikirif makullin kwamfutarka ne. Kafin ka kunna, buɗe ka nemi eval, exec, shell=True da dogon rubutun base64, don da su ake ɓoye umarni ko gudanar da shi. In ka ga saitin yana sauko da wani abu daga intanet yana gudanarwa, ko mai sayarwa ya ce ba a buɗewa, bar masa kayansa. In fayil ɗin saitin mai tsarin YAML ne, karanta shi da safe_load kawai, tsohon yaml.load yana iya gudanar da umarnin da aka cusa cikin fayil.

Shi ma importlib duk sunan da aka ba shi zai ɗauko, har os, modul ɗin da ke iya ba kwamfuta umarni. Sa sharaɗi tun farko: sunan da bai fara da "ayyuka." ba, manhaja ta ƙi shi.