Yaya, ga batun wayar wutar da ka tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, ya kasuwa, ya yara? Ka ce hoton igiyar wutar da na turo ya ba ka mamaki, wai kauri kamar ta janareta, alhali ciyawar ƙofar gida kawai ake yankewa da ita. Kada ka ɗauka ƙwarewar Amurkawa ce. Dole ce ta sa su.

Wutar gida a nan bolt 120 ce, tamu kuwa 230. Injin da ke cin wat 1,500 a Kano amp 6 da rabi zai ja, amma a nan Ohio sai ya ja 12 da rabi. Yawan amp shi ke ɗumama waya, shi ya sa abin da siririyar waya za ta ɗauka a gida, a nan sai mai kauri.

Ba sa awo da milimita irin 1.5 da 2.5 ɗin da kake sayarwa. Lambarsu AWG a juye take, ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Lamba 16 kusan milimita 1.3 ce, 14 ta ɗan haura 2, 12 kuma 3.3. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsawo ma yana cikin lissafi. Lamba 16 mai ƙafa 50 tana ɗaukar amp 13, amma idan ta kai ƙafa 100, wajen mita 30 kenan, sai ta koma 10. Dalili, wutar na raguwa a hanya, ta isa wurin injin a gajiye, irin wadda ke sa fanka juyawa da ƙyar a unguwarmu. Injin zai yi ta gurnani yana zafi, wata rana koyil ya ƙone, mai shi ya ce kayan ne jabu.

Don haka sai mutum ya fara duba ƴar takardar da ke manne a jikin injin. Almakashin gyaran shinge amp 3 ko 4 yake ja, lamba 16 ta wadatar. Injin yanke ciyawa da na hura ganye sukan kai 12, su kam 14 ce, in filin da nisa a sayi 12. Injin kwashe dusar ƙanƙara, mai amp 15, ni ban ga dalilin yin rowa a kansa ba: 12 kawai. Haɗa igiya biyu don ƙara tsawo, wanda mu ba ma ganin komai ne, a nan gargaɗi ake yi a kai.

Akwai kuma harafin W a jikin robar, misali SJTW, alamar cewa ta waje ce, tana jure rana da damshi. Soket ɗin wajen gida ma na musamman ne, GFCI, yana yanke wuta da kansa da zarar ta fara zurarewa ta wani wuri, ko ta jikin mutum.

Inda suka fi mu, gaskiya, ba a ingancin jan ƙarfe ba ne, don wayar da ake ƙerawa a Najeriya ta asali ba ta da abin kunya. A rubutu ne. Ka shiga manyan shagunan kayan gini irin Home Depot ko Lowe's, kwalin ya faɗa maka kauri, tsawo da amp, ga tambarin UL, masu gwada ingancin kayan wuta, ba sai ka fere roba ka kankare ka ga ko alminiyam aka shafa wa jan launi ba. Amma fa babu ciniki, babu mai yanko maka yadi goma ya ɗaura filogi nan take kamar a Sabon Gari. In ta lalace, yawanci shara ake kai ta, abin da har yanzu yake min ciwo a rai.

Injin ciyawar da ka ce in aiko maka kuwa, ka haƙura. Na bolt 120 ne, filoginsa ma ba zai shiga soket ɗinmu ba, kuma taransifomar da za ta ɗauke shi ba ƙaramin kuɗi ba ce. Nemi na Ingila ko na Turai, wutarmu ɗaya da su. A gaida Hajiya da kyau.